Jan Fenti a Bangon Iya Tasalla

Kai mai jar hula, ajiye wayar nan tukuna. Na ji abin da ka gaya wa abokinka a bakin ofis, wai labarin ƙasa ba wani abu ba ne, a zana taswira a allo, yara su kwafa, a ba su aikin gida, a tashi. Madalla! Tunda an turo ku koyon koyarwa, kuma ni aka haɗa ku da ni, to ku gyara zama. Ni Malam Garba ba na gajarta magana, duk makarantar nan an sani.

Wanda ya koya mini aikin nan sunansa Malam Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. Dogo ne siriri, dariyarsa tsada gare ta. Idan ya ɗora alli a kan allo, ba ya ɗagawa sai ya kewaye tsohuwar jihar Kano kaf, tun tana haɗe da Haɗeja da Gumel da Birnin Kudu, kuma idonsa ba ya kan allon, yana kan yaran da ke layin baya. Zango guda na yi ba abin da ya bari na taɓa sai tsumman goge allo. Ni ne fasa tsohon batir, in dake baƙin cikinsa, in kwaɓa da ƙaro, in shafe allo ya yi baƙi wul. Ranar da ya miƙo mini alli ya ce in zana, na dage, na zana, na koma gefe ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam Garba, wa ya ba ka izinin kyautar da Kazaure? Ka miƙa wa mutanen Daura ita ko shawara babu." Ajin nan ya fashe da dariya. Ban sake kyautar da ko ƙauye ba.

Kayan aikinmu ba yawa. Akwai ƙwallon duniya guda ɗaya, ta loɓa ta wajen teku, kuma a ofishin firinsifal take zaune, ba ta fitowa sai masu duba makarantu za su zo. Akwai babbar rula ta katako wadda ta fi auna bayan yara fiye da allo. Sai kwalin da na yanka da siffar jiha, yaro ya ɗora a takarda ya bi gefensa da fensir. Da aka cire Jigawa, reza na saya na zauna a gaban aji na yanke ta daga kwalin. Wani yaro ya ɗaga hannu, hankalinsa a tashe, ya ce, "Malam, kakata fa a Gumel take, ina za a kai su?" Na ce suna nan inda suke, kwali ne kawai ya rage.

Sai aikin gida, wanda kuke ganin wasa ne. Na taɓa cewa kowa ya ajiye gwangwanin madara a tsakar gida ya auno mini ruwan sama. Ɗaya akuya ta shanye nasa. Ɗaya ya ajiye a ƙarƙashin indararo, ya kawo mini ruwan da in gaskiya ne da jirgin kwale-kwale za mu zo makaranta. Wani kuma babarsa ta ga gwangwani mai kyau a yashe, ta wanke ta ci gaba da awon gishiri. In ka ce a zano madatsar Tiga, mutum ɗaya ne zai yi, sauran su kwafa a gindin bishiya da safe. Shi ya sa ranar da gwaninsu ya ɗauke Tiga ya kai ta arewa da birni, duk ajin suka bi shi. Iyaye kuma da nasu. Wani dattijo ya taɓa tare ni ya ce, "Malam, yaron nan ya san hanyar kasuwa, ya san hanyar masallaci, ya san gidan kakanninsa. Wace ƙasa kuma za a ba shi labari?" Har yau ban gama ba shi amsa ba.

Mun ga shekara mai wuya a ƙarshen mulkin soja, yajin aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da aka dawo kuma ko alli babu, da farar ƙasa nake rubutu tana kankare mini allo. Amma duk wannan ba shi ne ya kusa sa ni ajiye aiki ba. Abin da ya kusa, a shekarar da soja suka koma bariki ya faru, lokacin da farar hula suka karɓi mulki.

Ku ba ku ga lokacin ba. Garin nan ya cika da alkawari. Duk ɗan takarar da ya hau mota ya riƙe lasifika, abu uku ne a bakinsa, ruwa, wuta, titi. Musamman titi. An ce za a fasa lunguna, mota ta shiga har ƙofar gidan kowa. Mutumin cikin ganuwa kuwa in ya ji an ce titi, abin da kunnensa ke ji shi ne rusau. Kowa ya san yadda ake yi: ma'aikata su zo da igiyar awo, su shafa jan fenti a bango, su rubuta lamba, bayan kwana biyu katafila ta iso.

A wannan zangon nake koya wa 'yan aji biyu ma'aunin taswira, wato yadda doguwar hanya take komawa ɗan guntun layi a takarda. Na gaji da kwafe-kwafe, na ce bari in ba su aikin da ba a kwafa a gindin bishiya. Na samo igiyar guga, na ce su ɗauka su auno lungun da ya taso daga bayan makaranta ya ratsa cikin unguwar Zaitawa. Duk inda igiya ta ƙare su yi alama da alli a bango, su rubuta lamba, su ja kibiya ta nuna inda suka dosa, don kada lissafi ya ɓace musu. Na ba su guntayen farin alli, na ce ranar Juma'a ta sama nake son taswira. Shi ke nan abin da na faɗa, ko a gaban alƙali haka zan maimaita.

Ranar Litinin na biyo lungun nan da safe, don a nan nake karyawa. Akwai wata tsohuwa, Iya Tasalla, mai tuyar waina a zauren gidanta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya tana aure a sababbin unguwanni can bayan gari, ita kaɗai ce a gidan sai kaji. Wainarta kuwa, wallahi, ko ba miya sai ka cinye ka lashe hannu. Ina shiga lungun na ga mutane cirko-cirko, kowa ya ɗaga kai yana kallon bango. Na duba, sai ga jan fenti, raɗau. Alama, lamba, kibiya. Gaba kaɗan ga wata. Haka suka jeru har ƙarshen lungu, tsaf, hannu ɗaya, kamar da inji aka buga. Ta jikin gidan Iya kuwa a daidai ƙofar zaure take, kibiyar ta kwanta a kan ƙyaure.

Wani tela ya riƙo hannuna ya ce, "Malam, kai da ka san boko, karanta mana. Ta ina titin zai bi?"

Ni kuma, da yake an ce ni ne malamin taswira, na gyara tsayuwa, na bi kibiyoyin da ido, na ce, "Ai a fili yake. Daga nan zai miƙe, ya karya ta wajen rijiya." Salati ya tashi. Kada ku yi mini wannan kallon. Ni farin alli na bayar. Me ya haɗa ni da jan fenti?

Kafin azahar magana ta gama unguwa. Zuwa Talata lungun ya koma kamar ana shirin biki. Wanda rabonsa da taɓa gidansa tun auren fari, ya sayo siminti yana shafe bangon ƙasa, don an ce gidan siminti ya fi diyya. Wani ya kafa ƙyauren ƙarfe a ɗakin da awaki ke kwana. Wani ya ciro 'yan mangwaro ya dasa a tsakar gida, wai har bishiya ana biya. Magina suka yi tsada, sai ka bi layi. Kansilan da aka zaɓa ya zo ya ce shi bai san da wani titi ba, mutane suka kalli juna suka ce, "Kun ji ko? Tunda ya musa, maganar ta tabbata."

Iya Tasalla ce kaɗai ba ta sayi siminti ba. Ranar Laraba na same ta tana juya waina, rabi ta ƙone, abin da ban taɓa gani ba.

Na ce, "Iya, lafiya?"

Ta ce, "Ina fa lafiya, ɗan nan. Alhaji Nasidi dillali ya zo jiya. Ya ce wanda ba shi da takardar gida ko sisi ba za a ba shi ba, katafila ce kawai. Ni kuwa wace takarda gare ni? Gidan nan kakan mijina ya gina shi, shaidarmu maƙwabta. Ya ce zai taimaka ya karɓa a hannuna, in samu ɗan abin da zan riƙe, in koma wurin 'yata."

Ta faɗi abin da ya taya. Ba zan maimaita ba don kada ranku ya ɓaci, amma ko ɗaki ɗaya mai kyau ba zai gina ba. An sa rana, Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a zauren mai unguwa, a gaban shaidu. Kun san yadda cinikin gida yake. Da zarar mai abu ya ce ya sallama, aka yi fatiha, aka raba goro, to ta faru ta ƙare. Na tausaya mata ƙwarai. Na ce, "Allah ya sa hakan ne mafi alheri, Iya," na ɗauki wainata na wuce.

Juma'a da safe na shiga aji karɓar aiki. Kafin in karɓa na ce bari in ɗan wanke su, don malami ba ya rasa abin faɗa. Na ce, "Ku da kuke bi ta lungun nan kullum, kun ga aikin ma'aikatan gwamnati? Kun ga yadda alamunsu suka jeru, tazara ɗaya, lamba a fili, kibiya a miƙe? Haka ake awo! Ba irin naku na ƙafar kaza ba. Da ɗalibaina ne suka yi wannan, da maki ɗari zan ba su, in ƙara musu da goro."

Sai na ga ajin ya ɗauki murmushi. Wannan ya taɓa wannan, wancan yana gyara wuyan riga. Monita ya miƙe, baki har kunne, ya ce, "Mun gode, Malam. Ai mu ne."

Na ce, "Ku ne wa?"

Ya ce, "Mu muka yi. Allin da ka ba mu ruwan sama ya wanke shi ranar Asabar. Shi ne muka ce kada ka ce ba mu yi aiki ba. Yayan Habu na ajin nan yana da ragowar fentin da suka yi rubutun zaɓe da shi, muka aro, muka sake bi ranar Lahadi da tsakar rana, lokacin duk an shige gida."

Na ce, "Kuna ji ana cewa rusau, kuka yi shiru?"

Ya ce, "Ai mun ɗauka gwamnati ta ga namu ne ya yi kyau za ta bi kai."

Innalillahi! Na zauna a kan tebur. Ba siminti na tuna ba, ba mangwaro ba. Iya Tasalla na tuna, da cewa yau Juma'a.

Na ruga ofishin firinsifal. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Malam Garba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni ban ji ba, ban gani ba. Amma in mutanen da suka sayi siminti suka biyo ka, kada ka nufo nan." Na ce na gode da wannan taimako.

Na koma aji na ce kowa ya je masallaci, ana sallamewa mu haɗu a bakin lungu, wanda bai zo ba kada ya sake nuna mini fuskarsa. A zo da igiya, a zo da gwangwanin fentin, a zo da burushin.

Muka isa zauren mai unguwa an riga an shimfiɗa tabarmi. Ga shaidu, ga ƙullin goro, ga Alhaji Nasidi da babbar riga yana ta ƙamshin turare. Iya tana rakuɓe a bakin ƙofar ciki, ta ja mayafi. Na yi sallama, ko amsawa ban jira ba na ce, "Ranka ya daɗe, a dakata. Babu titi. Aikin gida ne."

Mai unguwa ya ce, "Aikin gidan wa?"

Na yi bayani tun daga igiya har fenti. Kun san me ya faru? Ba wanda ya yarda. Telan nan ya ce, "Haba Malam! Ba kai ka nuna mana inda zai karya ba?" Wani ya ce, "Ma'aikacin gwamnati ne fa, turo shi aka yi ya kwantar mana da hankali, don kada mu gyara gida a biya mu da yawa." Wanda ya dasa mangwaro har ya fara naɗe hannun riga. Iya da kanta ta ce, "Ɗan nan, na san tausayina kake ji. Bar shi kawai, abin da Allah ya rubuta ba makawa."

Na ce, "To gani ya kori ji. A fito waje."

Aka fito, har da masu leƙe ta kan katanga. Na sa yara suka kama igiya daga alamar farko. Aka ja, bakin igiya ya faɗa daidai kan ta biyu. Aka sake ja, ya faɗa kan ta uku. Haka muka bi lungun nan, jama'a na biye, har ƙofar Iya, igiya ta ƙare cif a kan ƙyaurenta. Na ce wa wanda ya yi rubutun ya sake rubuta lamba a kan wani dutse. Ya tsoma burushi ya rubuta, hannu ɗaya sak, har da 'yar ƙugiyar da yake yi wa bakwai.

Mutanen lungu dai suna ta gunaguni, don wanda ya zuba siminti ba ya son a ce masa babu titi. Amma ni ba su nake kallo ba, Alhaji Nasidi nake kallo. Shi ya san awo, sana'arsa ce. Ya karɓi igiyar ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Wannan ai ta guga ce." Ashe shi ma ya yarda da titin. Dabararsa ya karɓi gidan a banza, ya nemo takarda, ya kwashi diyya. Yanzu kuwa ga gidan ƙasa a ƙuryar lungun da ko amalanke sai an karkata take shiga. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin a ɗan jinkirta maganar nan, a yi istihara." Ya sa takalmi. Goron ma bai bari ba, ya sa a aljihu ya tafi da abinsa.

Na juya wurin Iya ina jiran ta sa mini albarka. Ina! Ta yaye mayafi ta ce, "Amma dai kai, Malam, anya? 'Ya'yanka su ɓata mini ƙofa, su hana ni barci, in ƙona waina, sannan ka zo ka kore mini mai saye? Na gama ɗaure kayana kaf! Yanzu wa zai kwance mini?"

Na ce, "Iya, ga masu kwancewa nan, aji guda."

Muka shiga gidan. Gaskiya ta faɗa. Ta sauke jeren kwanukanta gaba ɗaya, tasoshi da kwalla da fantekoki na tun aurenta, ta ƙulle su a tsofaffin zannuwa. Ta naɗe katifa, ta kwance gadon ƙarfe, har turmi ta mirgino bakin ƙofa. Ɗakin ya zama fayau, sai shatin inda kaya suka daɗe a jikin bango. Na raba yara, wasu ɗauko, wasu miƙo. Ita kuma ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni kamar sajan. "Ba nan ba, kai mai kunnen ƙashi! Babbar a ƙasa, mai fure a sama. Wannan ta uwata ce, ka fasa ta in fasa ka." Yaran da ba sa iya jera ƙananan hukumomi a takarda, sai ga su sun jera kwalla har rufi, ba wadda ta karkace.

Aka ɗaura gado, aka mayar da shi inda shatinsa yake. Ana cikin haka aka kira la'asar. Iya ta yi alwala, ta shigo, ta warware dardumarta a ɗan wurin da ke tsakanin gado da bango, ko dubawa ba ta yi ba. Muka fita tsakar gida muka ba ta wuri, mu ma muka yi tamu.

Da ta idar ta kira ni. Na tsuguna a bakin ƙofa. Faɗan ya tafi, idonta ya yi ja, tana shafa bakin dardumar da hannu.

Ta ce, "Malam, ka san abin da ya fi damuna a tafiyar nan? Ba kuɗin ba ne. Na je gidan 'yata sau da yawa. Duk lokacin da zan yi salla sai na tambayi jikokina ina ne gabas, su nuna mini, gobe in sake mantawa. A ɗakin nan kuwa, ko ido a rufe, ko cikin duhu, na san gabas. Ina ta tunanin yadda zan ƙare rayuwata ina tambayar yara inda zan fuskanci Ubangijina."

Na daɗe ina koyar da gabas da yamma, kudu da arewa, amma ban taɓa jin gabas irin ta ranar ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta leƙa tsakar gida ta ce wa yaran, "Ku kuma 'yan nema, gobe ku zo da soso ku wanke mini ƙofa. Wanda ya wanke da kyau yana da waina."

A ɗakin ta rasu, bayan shekaru, a kan gadon nan.